Birki na Biyu a Motar Likita

Shekara ashirin da bakwai ke nan Malam Birki yana wuni a cikin mota, amma da za a tattara lokacin da ya riƙe sitiyari da hannunsa a duk shekarun nan, da ƙyar ya cika wata biyu. Koyar da tuƙi ne sana'arsa. Wurin zamansa kujerar dama, kusa da ɗan koyo, kuma a ƙarƙashin ƙafarsa akwai birki na biyu, wanda ake haɗawa da na direba da sandar ƙarfe, domin in ɗalibi ya rikice malami ya tsayar da motar ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Daga nan sunan ya samo asali. Ɗalibai ne suka laƙaba masa a bayan idonsa, ya ji, bai tanka ba, sunan ya bi shi har gida, har ta kai surukansa ma da shi suke kiransa in bakinsu ya suɓuce.

Takalminsa na dama kullum shi ke riga na hagu mutuwa. In ya shiga motar haya, ƙafarsa takan taka ƙasa da kanta duk sanda direba ya matsi ta gaba, har na kusa da shi ya tambaye shi ko ƙafar ce ke ciwo.

Da ƙuruciya babbar mota ya fara ja, ta dogon zango, shekara uku. Mahaifin yarinyar da yake nema ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da gida ke gani sau biyu a wata ba. Sai ya sauko daga babba ya shiga ƙarama, ya koma hannun dama. Bai taɓa cewa ya yi da-na-sani ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Motocin koyo huɗu suka tsufa a ƙarƙashinsa. Ya aurar da 'ya'ya huɗu, saura Auta. Direbobin da ya yaye kuwa ba su ƙirguwa: matan aure, malaman makaranta, 'yan kasuwa, har da wani alƙali da kan jiƙa riga da zufa in an ce ya yi baya da mota. Duk karatu ɗaya ya ba su: "Mota ba ta da hankali, naka take ara." Malejin motarsa bai san abin da ke bayan hamsin ba.

To irin wannan mutum ne ya kai mai ɗakinsa awon jini a asibiti wata ranar Litinin, ya fito shan iska, ya ga abin da ya hana shi sukuni.

Ƙaramar mota ce, launin ruwan ƙwai, ƙofa biyu a gefe, ta uku a baya wadda ke ɗagawa tare da gilashinta. Bayanta a datse yake kamar an sare shi da gatari. Ta kwanta ƙasa sosai, tayoyinta masu faɗi sun ɗan fito waje kamar ɗan dambe ya ware ƙafa. Bakin salansa biyu. Malam ya zagaya ta sau ɗaya don ya ga laifinta, ya kuwa gani da yawa: ba wurin kaya, ba wurin mutane, tudun rage gudu ɗaya zai goge mata ciki. Ya sake zagayawa.

"Malam! Kai ne nake gani?"

Likita ne, da farar riga a kafaɗa. Shekara tara da suka wuce Malam ya koya masa tuƙi, lokacin yana ɗalibi, wanda ya faɗi jarrabawar lasisi sau biyu saboda gangunan da ake jerawa a fili ba wadda bai gaisa da ita ba. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki.

"Taka ce wannan?"

"Tawa ce, Malam. Bari ka ji muryarta."

Ya zura hannu ta taga ya tayar. Ba ta yi ihu ba. Wani gurnani ta yi daga ƙasa, mai kauri, irin wanda ba kunne ke fara ji ba, ƙirji ke ji. Likita ya shiga ya ɗan taɓa totur, ta yi haushi sau ɗaya, ta yi tartsatsi ta salansa, ta koma gurnaninta. Yana ta bayani: giya shida, ƙarfin doki ɗari biyu da wani abu, yadda take riƙe ƙasa a kwana kamar an ɗinke ta da titi. Malam bai kama rabin maganar ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne, a karo na farko da ya iya tunawa, an tayar da mota a gabansa ƙafarsa ta dama ba ta nemi birki ba.

Daga ranar hanyarsa ta gida ta koma ta gaban asibiti, ko da yake zagaye ne. Yakan tsaya, ya leƙa, ya ce wa kansa zai gaida Likita ne. Wani lokaci ba ya ma shiga. Bai san abin da yake so da ita ba. In ya ce gudu yake so, ƙarya ne, shi da ke faɗa da mutane kan gudu tun Auta ba ta zo duniya ba. In ya ce a gan shi yake so, wa zai gan shi? Abokansa duk zancensu ciwon gwiwa ne da kuɗin makarantar jikoki. Ya taɓa gwada tunanin cewa shaiɗan ne, sai ya ga shaiɗan ba zai ɓata lokacinsa a kan mai shekara hamsin da takwas da mota mai ƙofa uku ba.

A mako na uku Likita ya kama shi yana leƙen maleji ta gilashi.

"Malam, sayar da ita zan yi. Madam na ɗauke da tagwaye. Ka ga ta inda zan cusa kujerar jarirai biyu a nan?"

"Allah ya raba lafiya."

"Amin. Samarin ƙungiyarmu ta masu irin waɗannan motocin sun dame ni, akwai wanda ke jira ranar Asabar. Amma kai na ga yadda kake kallonta. Ga makulli, ka riƙe ta daga yau Laraba zuwa Asabar. In ta yi maka, kai ne gaba da kowa, ba za mu yi faɗa a kan ciniki ba." Ya ɗaga yatsa yana dariya. "Sharaɗi ɗaya. Kada ɗan koyo ya taɓa ta. Na san abin da na yi wa kulocin motarka, ba zan bari a rama a kan tawa ba. Tuƙa ta za a yi, Malam, ba koyo da ita ba."

Malam ya buɗe baki zai ce shi ba saye zai yi ba, sai ya ji bakin ya ce, "To, madalla."

Da ya je shiga, ƙofar dama ya nufa. Sai da ya buɗe, ya ga ba kowa a mazaunin direba, sannan ya yi kamar kujerar yake dubawa, ya rufe ya zagayo.

Tafiyar minti goma sha biyar ta ɗauke shi kusan arba'in. Motar ta mutu masa sau biyu a shataletale, shi Malam Birki, har wani mai babur ya ce masa, "Baba, a je a koyo mana!" Totur ɗin ba irin wanda ya sani ba ne, da ya shafe shi sai ta zabura kamar an tsikari doki. Ya tsaya a giya ta biyu har gida, tana ta gunaguni a ƙarƙashinsa. A tudun rage gudu na bakin layinsu ya ji cikinta ya goga, ya ji kamar nasa ne.

Mai ɗakinsa ta fito da ludayi a hannu, ta dubi gaban motar, ta taka ta dubi bayanta.

"Baban Auta, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar. Ko gobe za a kawo?"

"Haka aka yi ta."

"Da gangan?"

Ya nuna mata yadda ake kwantar da kujerar gaba a shiga baya. Ta sunkuya ta leƙa, ta miƙe tana dafa ƙugu. Ta ce ita in ta shiga nan sai dai a kira masu walda su fito da ita. Ya ce mata ƙarfin doki ɗari biyu ne a ciki. Ta ce to su dawakan ne za su zauna a baya, tunda su suka saba da sunkuyo. A lokacin ne Auta ta dawo daga aiki. Ta shafa bayan motar, ta dubi ubanta tsawon lokaci, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka taɓa gani a wani wuri. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa da ta koyi tuƙi a wata makaranta daban, domin kwana uku ta yi a motarsa ta ce ba za ta iya ba, kafin ta yi kuskure ya riga ya hukunta ta.

Washegari Alhamis ya ce bari ya kai wa Bakanike ya duba lafiyarta, tunda mai hankali ba ya sayen mota bai ji daga bakin wanda zai gyara ta ba. Bakanike sa'ansa ne, shekara ashirin da bakwai suna tare, duk motocin koyon nan huɗu ta hannunsa suka bi. Malam ya same shi kwance a ƙarƙashin wata motar ɗaukar kaya, ƙafafunsa kawai ake gani. Shi kuma Malam yana da ɗaliba tana jiransa ƙarfe tara.

"Mutumina, ga wata na samo. Makulli na kan benci. Sai la'asar."

"To, Malam, an gama," in ji muryar daga ƙasa.

Da la'asar ya dawo ya tarar da Bakanike zaune a kan tsohuwar taya yana shan shayi, fuskarsa cike da annuri irin na wanda ya ci nasara a shari'a.

"Kai, Malam, ina ka samo wannan aljanar? Wallahi tun da nake aiki ban taɓa haɗuwa da ƙasan mota mai taurin wannan ba. Bakin injin huda biyu ta karya min. Amma zo ka gani."

Ya buɗe ƙofar dama. An yanka kafet da kyau, an naɗe gefensa. Daga cikin yankan, wani sabon birki ya fito, an shafa masa baƙin fenti, an sa masa roba mai zane. Sandar ƙarfe ta bi ta ƙarƙashi ta nufi wajen direba.

Malam ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce ka sa?"

"Wa ya ce in sa?" Bakanike ya ajiye kofi. "Ta farko wa ya ce in sa? Ta biyu fa? Shekara ashirin da bakwai, in ka kawo mota ka ce ga wata ka samo, me nake yi mata? Wanka?"

"Ba tawa ba ce!"

"Ta wa ce?"

"Ta Likita. Dubawa na ce ka yi."

"Ba ka ce ba."

"To ai ban ce ka huda ba!"

"Ba ka ce komai ba, Malam, abin da nake gaya maka ke nan. Kai ma dai, mutum ya ga biri a gona ya ce ya zaci gadi ya zo yi? Na ce a raina wannan karon Malam ya samu manyan ɗalibai." Ya sosa ƙeya, muryarsa ta sauka. "Huji nawa... huɗu ne. Biyar da na gwaji."

"Na gwaji."

"Wancan ƙarami ne, ko tsinke ba zai shiga da daɗi ba."

Bakanike ya ce abin ba na tashin hankali ba ne. Gobe da safe a kawo ta, ya cire, ya toshe hujin da walda, ya shafa fenti, ya samo kafet irinsa. Likita ko da madubin duba ƙwayar cuta ya zo ba zai gane ba. Malam ya ce to. Ya ce zai kawo ta da safe.

Abin da bai gaya wa Bakanike ba, kuma ya so ya ɓoye wa kansa, shi ne abin da ya ji a daƙiƙar farko da aka buɗe ƙofar nan, kafin tsoro ya iso. Sanyi ya ji a ransa. Kamar wanda ya kwana biyu a gidan mutane ya dawo ya ga tabarmarsa.

Ran Juma'a bai kai ta ba. Ya ce ɗalibai sun yi yawa, alhali biyu ne, ɗaya ma bai zo ba. Da yamma Auta ta fito tsakar gida ta same shi zaune a cikin motar, a kujerar dama, injin a kashe, ƙafarsa a kan sabon birkin yana takawa yana saki. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna a mazaunin direba. Ta duba ƙasa, ta ga birkinta yana motsi shi kaɗai.

"Innalillahi. Baba, motar mutane?"

"Kuskuren Bakanike ne."

"Ka gaya masa ta wani ce?"

"Sauri nake yi."

"Kai, Baba? Sauri?" Ta yi dariya ba mai yawa ba. "Kai da in za a canza maka ƙwan fitila sai ka tsaya a kai ka ga inda aka jefar da tsohon. Ka bar masa mota irin wannan wuni guda ba ka ce uffan ba?"

"Me kike nufi?"

"Ni ba na nufin komai. Tambaya na yi."

Ya so ya yi mata tsawa, sai ya rasa a kan me. Ya koma da tunaninsa garejin, ya ga kansa yana ajiye makulli a benci, ya ji kalmomin da ya faɗa. Su ne dai kalmomin da ya faɗa a mota ta farko da ta biyu da ta uku da ta huɗu, ba ragi ba ƙari. Shin baki ne ya bi tsohuwar hanyarsa, ko kuwa akwai wani a cikinsa da ya san sarai abin da Bakanike zai yi, ya yi shiru ya bar shi? In son tuƙa ta yake yi, me ya kawo shi wannan kujerar? In kuma ba ya so, me ya kai shi asibiti mako uku?

"Baba, in tambaye ka wani abu? Me kake so da ita?"

"Ban sani ba," in ji shi. Ya ji mamakin yadda maganar ta fito da sauƙi.

Mai ɗakinsa ce ta leƙo ta taga, idanunta sun yi ja. Ashe ita tata fassarar daban ce.

"Baban Auta, ka gaya min gaskiya tsakaninka da Allah. Me Likita ya gani a jikinka?"

"A jikina kuma?"

"Mako uku kana zarya asibiti, ba ka gaya wa kowa ba. Sai ga shi likita ya ba ka motarsa. Likita ba ya ba mai lafiya mota. Wata nawa ya ce?"

"Ke, lafiyata ƙalau! Motar nake zuwa kallo."

Ta tsaya tana dubansa. A fuskarta ya ga cewa da ya ce mata hanta ce, da ta fi gane inda aka dosa.

"Kallo," ta ce. "Mako uku." Ta share ido da bakin zane ta koma ciki tana cewa Allah ya kyauta, ciwon ma da sauƙi, aƙalla yana da magani.

Asabar da hantsi Likita ya iso a motar haya, da fara'arsa. Malam bai bari ya zauna ba. Ya ja shi wajen motar, ya buɗe ƙofar dama, ya koma gefe ya rungume hannu kamar ɗalibin da ke jiran sakamako.

Likita ya durƙusa. Ya taɓa birkin da yatsa. Ya ɗaga yankakken kafet ya ƙirga hujin, leɓɓansa na motsi.

"Biyar," in ji Malam, don ya rage masa aiki. "Ɗaya na gwaji ne."

"Malam, abu ɗaya na roƙe ka."

"Ba ɗan koyon da ya taɓa ta, wallahi. Bakanikena ne ya saba. Ya ce zai toshe ba za ka gane ba, na ce..." Ya tsaya. A lokacin bai musa wa Bakanike ba, "to" ya ce, sannan bai kai ta ba. "Ban kai masa ba dai. Laifina ne. Duk abin da ka yanke."

"Kilomita nawa ka yi da ita tun Laraba?"

Likita bai jira amsa ba, ya leƙa maleji da kansa. Ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro.

"Goma sha ɗaya. Malam, hujin ba su dame ni kamar wannan ba. Yaron can da ke jiran sayenta zai fasa ta cikin wata shida, na sani, amma zai fasa ta ne yana tuƙi. Kai kuma za ka ajiye ta a inuwa ka riƙa goge ta har ta ruɓe." Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, sai wani murmushi ya fara fito masa, na mugunta kaɗan. Ya shige kujerar dama ya ɗaura bel, ya ɗora ƙafa a kan birkin. "Shekara tara ina son in ji yadda nan wurin yake. Shiga ka ja mu. Akwai sabon titin da aka shimfiɗa bayan masana'antu, ba a buɗe shi ba tukuna, ba kowa. In ka sa na taka wannan abin, motar taka ce. In muka je muka dawo ban taka ba, yaron can ya ɗauka da hujinta."

"Wannan ai ba hankali ba ne."

"Naka za ta ara, Malam."

Titin miƙaƙƙe ne, baƙi wuluk, ko zanen fari ba a yi masa ba. Daga nesa, inda kwalta ta ƙare, an jera ganguna an zuba tulin tsakuwa. Malam ya duba madubin tsakiya, ya duba na gefe, ya kunna sigina ko da yake ba ko akuya a bayansu, ya tashi. Giya ta biyu. Ta uku. Hamsin. Ƙafarsa ta tsaya a nan da kanta kamar jakin da ya iso ƙofar gida. Ya matsa mata da ƙyar. Sittin. Baƙon abu ne a gare shi ya ji mutum a damansa yana numfashi, yana kallon titi, yana da ikon tsayar da shi. Ashe haka suke ji, su duka, alƙalin nan da matan auren nan da Auta. Saba'in.

Sai ya ji birki ya nutse a ƙarƙashin ƙafarsa ba shi ya taka ba. Motar ta rage gudu a hankali, sumul, ta tsaya ko kai bai gyaɗa ba.

"Shi ke nan, Malam, na taka. Allah ya sanya alheri."

Malam bai saki sitiyari ba. Shekara ashirin da bakwai yana taka birkin nan, ya san kowane irinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Akwai na gargaɗi, akwai na fushi, akwai na tsoro wanda ƙafa ke yi kafin kai ya sani. Akwai kuma wanda shi kansa yakan yi wa tsofaffin ɗalibai da ya san ba za su taɓa iyawa ba, ya tsayar da su a hankali ya ce yau an yi ƙoƙari.

"Wannan ba birkin tsoro ba ne."

"Malam..."

"Ni za ka yi wa sadaka? Ni na koya maka wannan takun, ranar da ka kusa kuka a fili. Ɗauke ƙafarka."

Ya juya motar ya koma farkon titin, ya sake juyowa. Wannan karon bai kunna sigina ba. Ya sa giya ta ɗaya, ya taka totur har ƙasa.

Kujera ta buge shi a baya. Gurnanin nan ya tashi ya zama wata doguwar ƙara mai hawa, ya canza giya, ta faɗo ta sake hawa. Hannunsa na dama, wanda shekaru ya yi yana nuni da gyaran madubi, ya tuno wani aiki da ya taɓa sani a babbar mota, ya shiga yinsa ba da shawarar kowa ba. Uku. Huɗu. Turakun fitilun titi suka fara wucewa kamar ana yaɗa kati. Ya jira ya ji daɗi, ko tsoro, ko wani abu mai suna da zai iya kai wa mai ɗakinsa ya ce ga dalili. Ba abin da ya zo sai iska da ƙara, da gangunan can da suka fara girma. Wani sashe na kansa yana lissafin tazarar tsayawa kamar yadda ya saba, yana cewa da saura, da saura. Wani sashen yana cewa anya kuwa.

"Malam. Malam! Innalillahi, Malam!"

Birkin ya faɗa ƙasa da ƙarfin ƙafa biyu. Bel ya shaƙe su, tayoyi suka yi kuka, motar ta yi ta kakkarwa tana cizon kwalta, wayar Likita ta tashi daga cinyarsa ta bugi gilashi. Suka tsaya. Injin ya mutu, domin Malam ya manta da kuloci. Warin roba ya cika motar. Tsakaninsu da gangunan akwai kamar tsawon mota goma, ko takwas.

Likita na haki, ƙafafunsa biyu har yanzu a kan birkin.

"Taka ce," ya ce da ƙyar. "Wallahi taka ce. Tagwaye zan haifa, Malam."

"Da saura ai. Da na tsaya."

"Ka tabbata?"

Malam ya dubi gangunan, ya dubi hannuwansa da suka ƙi sakin sitiyari. Ya yi niyyar cewa ya tabbata, sai ya fasa. Ya gwada ɗaga ƙafarsa ta dama ya ji ba ta jin magana. Motar tasa ce yanzu, da hujinta biyar da kujerar bayan da ba mai shiga, kuma in da za a sake tambayarsa me zai yi da ita, amsarsa ta jiya ce dai.

"Nawa muka kai?" ya tambaya.

"Me?"

"Maleji. Nawa ya nuna?"

"Ina na sani? Ganguna nake kallo."

"Ni ma ban duba ba." Ya juyo ya harare shi, muryarsa ta koma ta aiki. "Kana zaune a dama ba ka duba maleji ba? To me kake yi a wurin?"